Mai Daddawa da Ɗan Yaye

Wata mai daddawa ta yi asarar kunun wata biyu da taƙamarta ta kasuwa, ribarta ɗaya tak: ɗanta ya daina gudunta. Saki hancin yaron nan, Tasalla, ajiye ludayin ki ji, tun safe kike cika mana gida da kukansa. Mai daddawar nan mijinta ya rasu ya bar ta da goyo. A kasuwa in ta ce albarka, ko surukinta ne sai ya ƙara ko ya wuce. To, da ta yaye ɗan sai ga wanda ya fi ta taurin kai, mutum bai kai tsawon turmi ba. Ta dama kunun gyaɗa, ya kau da kai. Ta sa zuma, ya tofar. Ta ce ita za a yi wa haka? Ta matse shi a cinya, ta toshe masa hanci, ta yi masa ɗura yadda aka yi mata tana ƙarama. Rabi a ciki, rabi a zane, wanda ya shiga ma ya dawo. Yaro ya rame, wuya kamar na ɗan tsako. Abin da ya fi ci mata rai, da ya ji ƙarar ludayi a ƙwarya sai ya ruga bayan maƙwabciya, yana leƙen uwar da ta haife shi kamar ya ga kura.

Ran nan ta gaji, ta ce ya zauna da yunwarsa, ita ba baiwar kowa ba ce. Ta zauna a ƙasa, ta juya baya, tana cin ɗumamenta da miyar kuka. Can sai ta ji ɗan hannu a kafaɗa. Ko waiwayawa ba ta yi ba, ai ta san halin mai saye, in ka bi shi da kaya ya raina su. Ya zagayo, ya hau cinya, ya tsoma hannu a kwanon, ya ɓata mata zane da miya, ya ci abin da ya ga dama, ya sauka abinsa. Bakinta ya yi ƙaiƙayin cewa ƙara ɗaya, ta haɗiye. Tayin da ya yi ke nan: kwano ɗaya da uwarsa, a ƙasa, da hannunsa, loma uku. Ta ce ta sallama.

Durƙusa wa wada ba ya hana ka tashi da tsawonka.