Kwano Biyu a Ƙasan Jaka

Tunda kin ce ke ma za ki tara yaran nan da iyayensu a hutun bana, ajiye biron nan ki ji wani misali.

An yi wata malama da ta shekara talatin tana shugabancin makarantar firamare. Mace ce mai kirki, sai dai kafiya gare ta kamar mutanen farko. Da ta yi ritaya, sai ta ari harabar wata makaranta a dogon hutun damina, ta buɗe sansanin yara na kwana bakwai. Ta gayyato masu larurar galahanga, irin yaran nan da hayaniya ke gigita su, wasu ba sa magana, wasu ba sa iya zama wuri ɗaya. Ta haɗa su da sauran yaran unguwa, ta ce kowa ya zo da uwarsa. Niyyarta kyakkyawa ce wallahi. Doka ɗaya ta kafa, har a allo ta rubuta ta: ba mai cin abinci shi kaɗai. Yara shida-shida a faranti ɗaya, iyaye ma haka. Ita a yadda aka rene ta, hannun da ya haɗu da naka a kwano ba ya nuna ka da yatsa a hanya.

Cikin waɗanda suka zo akwai wata mata da 'yarta mai shekara takwas. Rabon matar nan da gidan biki ko suna tun da ta yaye yarinyar, domin duk inda suka shiga sai an bi su da kallo, wasu su ce iska ce, wasu su ce sangarta. Sai da malama ta yi sawu uku gidanta kafin ta yarda ta fito. Ranar farko aka ajiye farantin tuwon shinkafa an kwarara miyar taushe a kai. Yara suka sa hannu, yarinyar ta dunƙule nata a cinya. Malama ta ce baƙunta ce. Rana ta biyu ma haka. Sai malama ta ɗauko dabarar da ta saba ci mata a aji: ta sa yara tafi suna kiran sunan yarinyar, ita kuma ta gutsuro loma ta nufi bakinta. Ai kuwa yarinya ta toshe kunnuwa ta ƙwalla ƙara, ƙafarta ta yi fatali da faranti, miya har jikin bango. Malama ta dubi uwar, uwar ta sunkuyar da kai ba ta ce uffan ba, sai malama ta ɗauka shirun nan yarda ce. Ta manta yarinyar 'yar fari ce, matar kuma irin renon da ce. Ko sunan 'yar ba ta kamawa, balle ta buɗe baki a gaban babba ta ce ga abin da 'yata take so, a ce ba ta da kara.

Washegari da hantsi malama ta hango matar a bakin ƙofa, jaka a ka, tana riƙe da hannun yarinyar. Malama ta san in matar nan ta koma gida ta turo ƙyaure, ba mai sake fito da ita. Ta bi ta da sauri, bakinta cike da "ki yi haƙuri, za ta saba." Amma da ta ga leɓen yarinyar ya bushe, kwana biyu ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa, kunya ta rufe ta. Abin da ya fito shi ne, "'Yar nan, wai a gida yaya take cin abinci?"

Matar ta ce, "Hajiya, shekara takwas kowa faɗa mini yake abin da zan yi. Yau aka fara tambayata." Ta sauke jakar, ta tono wasu kwanonin roba biyu daga can ƙasan kaya. Ta ce tuwo a ɗaya, miya a ɗaya, in suka haɗu an gama. Yarinyar ba ta ci ana kallonta, sai ta juya baya. Amma tana son jin motsin mutane a kusa, in wuri ya yi tsit ma ba ta ci. Ashe tun ranar farko kwanonin nan suna cikin jakar. Matar ta ji dokar faranti ɗaya, ta ji nauyin fito da su.

Abin ya yi wa malama zafi, don dokar nan ita ce abin alfaharinta, amma ta haɗiye. Da azahar ta sa aka shimfiɗa ƙaramar tabarma a jikin ta sauran yara, ta hana tafi, ta hana kallo. Yarinya ta zauna ta ba su baya, taku ɗaya tsakaninta da su, ta cinye tuwonta tas. Malama ta waiwaya wajen iyaye, sai ga matar ta wanke hannu ta zauna cikin mata, tana ci tana share hawaye da gefen mayafi, wata na tura mata tsokar nama gabanta tana cewa, "Ci mana, ke baƙuwa ce?" A sansanin nan ta ƙarasa kwana bakwai ɗinta.

Hausawa dai sun riga mu faɗa: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.