Amin ɗin Iyatu

Kowace Juma'a da hantsi, Iyatu kan ɗauki kwandonta a rufe, ta bar Tudun Wada ta nufi gadar Kwalkwalawa. Ba ta da dangi a can, ba ta da gona. Maƙwabta sun yi gulmar har bakinsu ya gaji.

Zamanin da kuɗin fetur suka shigo ne, soja na mulki, roba ta fatattaki ƙwarya daga gidaje. Duk wadda man girkinta ya ƙare sai ta ajiye wa Iyatu gorar robar. Ita kuwa ko gishiri ba ta sayarwa.

Ɗanta tilo, Ladan, shekara bakwai yana aiki a jirgin ruwa, daga Ikko zuwa ƙasashen da ba ta iya faɗin sunansu. Ranar da ya dawo Sakkwato, da hannu a naɗe ya dawo. Babu yatsu uku, babu aiki.

Ya zauna kan tabarma yana huci.

"Inna, tsakiyar teku hwa, inda ko tsuntsu ba ka gani! Sai ga juji bisa ruwa. Robobi, leda, igiyoyi, sunka naɗe farfelar jirgi. Anka ce ni in shiga in warware." Ya ɗaga hannun. "Har da wasu gorori masu jan zare a wuya. Ni dai Allah ya isa tsakanina da duk wanda ya taɓa jefa roba cikin ruwa. Ki ce amin, Inna. Bakinki bai faɗuwa ƙasa."

Ai kuwa gaskiya ya faɗa. Wanda ya sace mata akuya bara waccan, har yau bai sake ganin daidai ba.

Tausayin ɗanta ya kama Iyatu, amma tsoro ya fi ƙarfi.

"Sha hura tukuna," in ji ta.

"Amin kawai, Inna! Mi ag gare ki?"

Ta saci kallon kwandon da ke bayan ƙofa. Gobe Juma'a. Gorar wannan mako na ciki, cike da rubutun tsari, an toshe ta tam, da jan zarenta a wuya, kamar 'yan uwanta ɗari uku da ɗoriya da ta jefa wa Ladan daga kan gada, tun ranar da malaminta ya ce mata duk ruwan gulbi teku yake zuwa.