Baƙon Arzika

Arzika ya share ɗakin, ya yayyafa ruwa, ya sake bi da tsintsiya har lungun bayan ƙofa. Ya kakkaɓe tabarma ya shimfiɗa, ya cika buta. Tun da hantsi aka gaya masa wanda zai sauka, kuma ya san baƙon, sani na haƙiƙa.

Lokacin da siyasa ke kan ganiyarta, Arzika yana da masauki nasa na kansa a Bodinga, kusa da tasha. Ɗakuna ne 'yan kaɗan, fataken albasa da direbobi ke kama su kwana ɗaya ko biyu su wuce. Ba gidan a-zo-a-gani ba ne, amma ko maƙiyi ya shaida tsabtarsa. Matarsa Hajo ke wanke zannuwan gado da bula, ta goge su da dutsen guga na gawayi. Shi kuma kowace safiya ya wanke randa, ya zuba toka a masai. Bango kuwa kullum fes da farar ƙasa.

Ana nan sai Allah ya haɗa shi da Alhaji Ɗanmusa, wani ɗan kwangila daga wajen garin Shagari, wanda jam'iyya ta tsaya wa. Yakan zo Bodinga bin kwangilar rijiyoyin ƙauyen Horo Birni, rijiyoyin da ko akuya ba ta taɓa shan ruwansu ba.

Alhaji mutum ne mai ƙyanƙyami, sai dai ƙazantar wasu kaɗai idonsa ke gani. Kafin ya zauna sai ya goga yatsa a bakin taga, ya ɗaga shi sama kamar mai ba da shaida gaban alƙali. Ya shinshina matashin kai ya yi jifa da shi. Ya sa a zubar da ruwan randa don wai ƙuda ya gitta. Amma ranar da ya tashi, sai a tarar farin bango ya yi jawur da tofin goro, ga ƙasusuwan kaza ƙarƙashin katifa, 'yan bangarsa kuma sun mai da gindin darbejiya wurin fitsari. Sai Hajo ta toshe hanci da gefen mayafi sannan take iya shiga.

Wata rana Arzika ya yi ta maza ya ce, "Ranka shi daɗe, ga kasko nan na aje maka, saboda goro."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Ni za ka koya ma tsabta? Cikin wanga juji?"

Makon bai ƙare ba sai ga duba-gari, kansa a sunkuye, ya ce ƙara ce daga sama: gidan bai dace mutum ya kwana ciki ba. Aka rufe. Ga tsadar kaya, ga damina ta ƙi. Arzika ya sayar da gadaje, Hajo ta yanka zannuwan nan da ta sha wuyar gogewa ta ɗinka wa yara riguna. Da ƙyar wani kawunsa ya samo masa aiki. Shi ma aikin karɓar mutane ne da kula da ɗakuna, sai dai gidan ba nasa ba ne. Tun shigowar sabuwar shekara kuwa manyan baƙi suke ta sauka.

Da la'asar mota ta tsaya a ƙofa. Alhaji ya fito tsakanin 'yan rakiya biyu, babbar rigarsa a yamutse, ko jaka babu. 'Yan rakiyar suka kawo shi har zaure suka juya. Bai gane Arzika ba. Irinsu ba sa kallon fuskar mai riƙe da tsintsiya.

Yana shiga ɗakin ya ja ya tsaya, ya yatsine fuska. Halin dai yana nan. Ya durƙusa da nishi ya goga yatsa a daɓe, ya ɗaga ya duba. Babu komai. Abin ya ƙara ba shi haushi.

"Wanga wane irin wuri na? Ina gado? Tagar ga ko kyanwa ba ta wucewa!"

"Duk ɗakunan haka suke, ranka shi daɗe."

"Bokitin can fa, na mi na?"

"Na lalura na. Dokar gidan ga, kowa shi ka wanke nashi da safe, shi share ɗakinai, shi naɗe tabarma. In an ga tabo ga bango, mai ɗaki shi ka kankarewa."

Alhaji ya kumbura, jijiyar wuyansa ta miƙe. Mutumin da ko takalminsa sai an cire masa, yau shi ake lissafa wa wankin bokiti, kuma da ladabi, har da rusunawa.

"Kira man maigidan!"

"Maigida ba shi ganin baƙi."

"To ka ji da kyau. Ba ni kwana nan. Ka san ko ni wa na? Sai na sa an rufe wurin ga!"

Arzika ya dubi daɓen da ya share, ya dubi Alhaji, ya ɗan yi murmushi.

"Rufewa kam, ranka shi daɗe, yanzu ma za a yi."

Ya fita, ya jawo ƙofar ƙarfen, ya danna kwaɗo ta waje, kamar yadda kowane ganduroba ke yi wa wanda sojojin sabon mulki suka kawo gidan yari.