Fuskata a Bayan Babbar Mota

Na fizge tamfol daga bayan motata, garejinmu na Rawalpindi a Pakistan ya kaure da ihu. Inda direbobi suka saba zana shaho a bayan mota, fuskata aka zana. Dama masu gangamin hana ƙyamar masu taɓin hankali sun nemi direba ɗaya, na ce ga ni. A ƙasa an rubuta: "Na yi taɓin hankali, ina shan magani, ina tuƙi."

"Har Karachi za ka kai wannan tonon sililin?" in ji wani dattijon direba da ya shekara bakwai yana kirana mahaukaci.

Ya daɗe yana kallon zanen. Sai ya cire hularsa, ya zaro ƙwayoyin magani irin nawa sak daga ciki, ya ƙwala wa mai zanen, wanda muke ce wa Ustad, kira:

"Ustad, gobe tawa motar! Amma ka ƙara mini gashin baki."