Kwalbar Malam Balarabe

Naushin farko a baki Yusha'u ya sauke wa Malam Balarabe, tun tsohon bai gama amsa sallama ba. Haƙora biyu suka faɗo kan tabarmar da yake baje saiwoyi da kwalaben zuma a bakin kasuwar Rigasa.

Babu wanda ya ga laifin Yusha'u. Da hantsin nan aka binne 'yarsa Sadiya, mai shekara huɗu. Tari ne kawai ya dame ta, uwarta ta sayo kwalbar garin habbatus sauda wajen Malam Balarabe, ta kwaɓa da zuma ta yi ta ba ta. Kwana biyu yarinya na amai da gudawa, har ta cika. Likita ta ce abin da ke cikin kwalbar ba habbatus sauda ba ce, irin wata ciyawar ƙasar waje ne da ke biyo alkama, baƙi ƙirin kamar ita, amma guba ne.

Daga maƙabarta Yusha'u ko gida bai biya ba. Abokan aikinsa masu sauke buhunan alkama daga tirela suka rufa masa baya, kowa da gora. Mutumin da ko kaza bai iya yankawa, sai ga shi yana huci kamar bijimi.

"Ku dakata, jama'a, a tambaye shi inda ya samo!" in ji wani dattijo mai shago.

Malam Balarabe ya ɗago kai, jini na bin gemunsa. "Wallahi ni ma saro shi na yi, a wajen..."

Yusha'u ya fizge gora ya maka masa a baki. "Ƙarya zai shara muku! Ya kashe mini 'ya!"

Nan wuri ya ɓarke. Wasu na jifa, wasu na dukan baya da ƙafafu, Yusha'u kuwa bakin nan ya sa wa ido. Yana duka yana kuka, kuma kukan na gaske ne, har da majina.

Da aka jiyo jiniyar 'yan sanda kowa ya arce, ban da Yusha'u. Ya durƙusa ya kara kunne a ƙirjin tsohon, ya daɗe yana saurare. Da ya tabbatar babu numfashi sai hankalinsa ya kwanta, ya kuma tsani kansa saboda haka.

Duk faɗin Rigasa, Malam Balarabe kaɗai ya san cewa Yusha'u ne ke share alkamar da ta zube a tirela, ya tsince baƙin irin, ya sayar masa da sunan habbatus sauda.