Hutun Da Aka Saya Mata

Da ma'aikacin jirgin ruwan ya rusuna ya kira ta "Sweetie", yana tambaya da ƙarfi ko ta ƙoshi, kamar mai magana da kurma, sai cokali ya tsaya a hannunta. Ta san muryar nan. Da irinta ta yi shekara da shekaru tana aikin lallashin tsofaffin unguwar Bronx ta New York su buɗe baki su karɓi abinci.

'Yarta ce ta saya mata wannan hutu. Tun da suka bar New York aka zuba ta a ɗakin da ba taga, ba ta san gabas ba balle lokacin salla. Abinci tuli, amma har gishiri an yi masa rowa. Yajin da ta ƙunso kuwa, 'yar ta cire shi tun a gida, wai hawan jini. Ta gyara gadonta, a zo a sake gyarawa. Duk inda ta waiga furfura ce da keken guragu, ana tafa wa mai kiɗa.

"Ke, yaushe za a sauke mu?" ta tambayi 'yar.

"Haba Mma, relax, kwantar da hankalinki. Kin ga ai ba laifi a riƙa kula da mutum haka. Akwai wani gida a Staten Island, kamar nan yake. Shi har da taga."

Ashe gidan tsofaffi ake ɗanɗana mata. Da ma'aikacin ya miƙo hannu zai ɗauke farantin, ta riƙe shi gam.