Ranar da Azhari Ya Sa Hannu

Ƙarfe bakwai na safe Marzuki ya tsayar da tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya a ƙofar gidan Azhari. Bai danna ham ba. Ya zauna yana kallon tafkunan kiwon kifi guda shida da ke bayan gidan. Tun ambaliyar bara babu abin da ke motsi a cikinsu sai sauro.

Azhari ya fito cikin farar riga da ta yi masa yawa. Wata huɗu da suka wuce daidai take da shi. Ya shiga ya zauna, idonsa a kan gwiwoyinsa.

Shekaranjiya ne matar Azhari, Suhaila, ta kira Marzuki a waya. Ta tarar da mijinta zaune a bakin tafki da kwalbar maganin ciyawa a buɗe, alhali babu ciyawar da zai fesa.  Washegari Marzuki ya je gari ya karɓo takardun da mutum ke cikewa idan zai shaida wa hukuma ya karye, ba zai iya biyan bashin da ke kansa ba.

Sun wuce gonakin shinkafa na yankin Sabak Bernam. A wani shago Marzuki ya sayo ƙunshin shinkafar kwakwa biyu. Nasa ya ci rabi, bai ji gishiri ba, bai ji yaji ba. Na Azhari ya huce a cinyarsa.

"Kawu, wannan cin haƙƙin mutane ne," in ji Azhari. "Su ba ni kayansu da amana, ni kuma in je in ɓuya a bayan takarda? Me zan ce wa Allah?"

"Ka bari sai Ya kira ka tukuna. Ba kai za ka kai kanka ba."

"Amma Kawu, kai ka san..."

"Na sani. Ci abincinka."

Marzuki ya ci gaba da tuƙi. Ya daɗe da daina jin zafi ko sanyi game da maganar. Kwana uku ke nan matarsa ba ta ce masa uffan ba, kuma ya riga ya sallami yaran shagonsa biyu. Ya tuna da wannan kamar yadda ake tuna abin da ya sami wani a wani gari.

A ofishin hukumar suka jira awa biyu a kan kujerun roba. Da aka nemi kuɗin buɗe fayil, Azhari ya shafa aljihu, Marzuki ya zaro ambulan ya miƙa.

Ma'aikaciyar, wata mata mai tabarau, ta yi bayani da muryar wadda ta faɗi abu sau dubu. Ba fita ƙasar waje sai da izini. Ba sabon rance. Filin da tafkunan na banki ne, tunda shi ke riƙe da takardunsu. Sauran masu bin bashi su raba abin da ya rage.

"In ya rage," ta ce, tana bin jerin sunayen da yatsa. "Na biyun nan, mai sayar maka da abincin kifi, ringgit dubu ɗari biyu da talatin. Wannan da wuya ya ga ko dubu biyar. Irinsu kan zo nan su yi ta ihu, wasu ma su biyo ka layin nan. Ka shirya."

Azhari ya ɗauki alƙalami zai sa hannu. Alƙalamin ya suɓuce masa ya faɗi. Marzuki ya sunkuya ya ɗauko, ya sa masa tsakanin yatsu, ya danne takardar da tafinsa har aka gama sa hannu.

Matar ta buga hatimi, ta ɗago ta dubi Marzuki.

"Ya yi sa'ar uba. Baba, rubuta sunanka nan, layin ɗan uwa."

"Ba abin da muka haɗa," in ji Marzuki, yana tura mata takardar. "Sunana yana ciki tuni. Ni ne na biyun."